Yadda ake koya wa ƙwayoyin bakteriya cin methanol

Masana'antu da dama na kiwon bakteriya domin samar da magunguna, sinadaran roba da abincin dabbobi. Matsalar ita ce da sukari ake ciyar da su, shi kuwa daga rake ko masara yake fitowa, wato gonar da ya kamata ta ciyar da mutane.

Shi ya sa masana suka karkata ga methanol, ruwan da ake sarrafawa daga iskar methane. Wannan iska tana fita daga rijiyoyin mai, juji da kashin shanu, kuma cikin shekara 20 ɗumamar da take jawowa ta ninka ta hayaƙin kabon kusan sau 80.

Akwai bakteriyar da methanol ne cimarta tun asali. A 1980 kamfanin ICI na Ingila ya kiwata irinta, yana yin abincin dabbobi mai suna Pruteen, sai dai arahar waken soya ta durƙusar da sana'ar.

Yau hankali ya koma kan bakteriyar E. coli, wadda masana suka fi sani ciki da bai. Wahalar ita ce in aka koya mata cin methanol, yana rikiɗa a cikinta ya zama guba. A 2020 tawagar masani James Liao a Taiwan ta sauya ƙwayoyin halittarta, ta yi ta zaɓen masu juriya, har ta samu wadda ke rayuwa da methanol kaɗai.

Saura a hanzarta girmanta, a rage tsada. In hakan ta tabbata, iskar da ake asara za ta zama dukiya, hatsi kuma ya koma tukunya.