Robar Fitsari a Tiyatar Sauya Gaɓar Kwatangwalo

Tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo aiki ne da ake yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a gyara ramin da yake juyawa a ciki, sannan a dasa na ƙarfe da roba ko tangaran a madadinsu. Likitan ƙashi John Charnley ne ya daidaita salon da ake bi a yau, a asibitin Wrightington na Ingila, a farkon shekarun 1960. A Turai yawancin masu buƙatarta tsofaffi ne da gaɓarsu ta cinye, amma a arewacin Najeriya, inda Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yake cikin wuraren da ake yin ta, akwai kuma matasa masu sikila, waɗanda toshewar jijiyoyin jini ke kashe musu kan ƙashin cinya tun suna da ƙuruciya.

Abin da ke ba majinyata da dama mamaki shi ne yadda aikin da aka yi a ƙashi yake zuwa da matsalar fitsari. Dalilin yana ga allurar da ake yi a gadon baya domin kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, domin jijiyoyin da ke sanar da mutum cewa mafitsara ta cika, tare da waɗanda ke matse ta, suna fitowa ne daga can ƙasan lakar baya, kuma suna cikin na ƙarshe wajen farfaɗowa. Mutum na iya motsa yatsun ƙafarsa alhali mafitsararsa tana barci. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin suna ƙara nauyin wannan barci, ga ruwan da ake ta ƙara wa jiki ta jijiya yana cika mafitsara, ga kuma wahalar yin fitsari a kwance cikin ɗaki mai mutane. Haɗarin ya fi yawa ga dattawa maza da furostet ɗinsu ya kumbura, wato ƙullutun da ke kewaye da hanyar fitsari a gindin mafitsara. Mafitsarar baligi kan riƙe kimanin mililita 400 zuwa 600, kuma idan ta daɗe a miƙe fiye da ƙima, tsokarta na iya yin rauni.

Saboda haka ne aka daɗe ana sa wa kusan kowa robar fitsari kafin a soma yanka. Wadda aka fi amfani da ita tana ɗauke da sunan Frederic Foley, likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta, kuma bututu ne mai laushi da ake zurawa har cikin mafitsara, sannan a cika ɗan balan-balan da ke bakinsa da ruwa mai tsabta kimanin mililita 10 don kada ya zame.

Sai dai robar hanya ce buɗaɗɗiya ga ƙwayoyin cuta, waɗanda ke manne a jikinta su gina wani yauƙi da magani ba ya ratsawa cikin sauƙi, kuma kowace rana da ta ƙara a jiki tana ƙara yiwuwar samunsu a fitsari da kusan kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari. Fargabar likitan ƙashi ta wuce ciwon mafitsara, domin ƙwayar da ta shiga jini na iya sauka kan ƙarfen da aka dasa, wanda ba shi da jinin da zai kare kansa, kuma irin wannan ciwo kan kai ga sake buɗe gaɓar. Ban da haka, roba tana ɗaure majinyaci ga gado a daidai lokacin da ake son ya tashi ya taka, tun da tafiya da wuri ce ke rage daskarewar jini a ƙafa. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2009 ta nemi a cire robar cikin awa 24 bayan tiyata, sai idan akwai dalilin barinta.

Asibitoci da yawa sun ma daina sa ta ga kowa. Abin da suke yi shi ne auna cikar mafitsara da ƙaramar na'urar sikanin da ake ɗorawa a mara, idan mafitsarar ta cika kuma fitsari ya ƙi fita, sai a zura siririn bututu a zubar da shi a cire nan take. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa jira har fitsarin da ke mafitsara ya kai mililita 800 maimakon 500 ya rage yawan waɗanda aka zura wa bututu ba tare da ƙarin illa ba. Wannan tsari ya fi hikima, ko da yake yana buƙatar na'ura da isassun ma'aikatan jinya, kuma inda babu su, barin roba na dare ɗaya ya fi barin mafitsara ta kumbura ba wanda ya lura.

Idan an bar robar, masu jinya suna da nasu aikin. Jakar fitsari za ta kasance ƙasa da mafitsara ko da yaushe, ba tare da ta taɓa ƙasa ba, kada kuma bututun ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ko a raba shi da jakar. Zazzaɓi, ciwon mara, ko ruɗewa ta farat ɗaya ga dattijo abubuwa ne da ake sanar da nas ba tare da jinkiri ba, haka ma idan an cire robar aka yi awa shida zuwa takwas fitsari bai zo ba.