3.4 Dangantakar Gudun Kiɗa da Mazaunin Amo a Faya-fayen *The Mikado*

A wannan sashe za a duba wata matsala da ke fuskantar duk mai nazarin tsofaffin faya-fayen opareta, wato wasan kwaikwayon Turai mai ban dariya wanda ake cuɗa magana da waƙa a cikinsa. Misalin da aka ɗauka shi ne *The Mikado*, wanda W. S. Gilbert ya rubuta kalmominsa, Arthur Sullivan ya tsara kiɗansa, aka kuma fara gabatar da shi a gidan wasa na Savoy da ke Landan a shekarar 1885. Kamfanin His Master's Voice ya ɗauke shi a faifan garmaho a 1917 da 1926 da kuma 1936.

Abin da ake nufi da gudun kiɗa a nan shi ne saurin bugun kiɗa ko nauyinsa. Mazaunin amo kuwa shi ne amon da waƙa ta kafu a kai, wanda sauran amo ke kewayawa su dawo gare shi. A fagen wasa waɗannan abubuwa biyu ne daban, domin mawaƙi na iya ƙara sauri ba tare da ya ɗaga murya ba. A kan faifai ba haka abin yake ba. Duk wanda ya taɓa sauraron kaset a rakodar da batirinta ya yi sanyi ya san yadda waƙa kan yi nawa, muryar mawaƙi kuma ta yi kauri a lokaci guda. Haka faifan garmaho yake: juyawa ɗaya ce ke riƙe da gudu da amo baki ɗaya. Idan aka ƙara saurin juyawa da kimanin kashi 6 cikin ɗari, amo zai hau da rabin taki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin amo biyu a jikin fiyano.

Matsalar ita ce juyi 78 a minti bai zama ƙa'ida ba sai bayan da aka shiga ɗaukar sauti da lantarki a 1925. Kafin nan kowane kamfani da nasa saurin, wani lokaci ma saurin na'urar yanka faifai kan bambanta daga wannan zama zuwa wancan. A ce an yanka faifai a juyi 74, aka kuma saurare shi a juyi 78. Waƙar minti huɗu za ta ragu da kimanin daƙiƙa 12, amonta kuma ya hau da kusan rabin taki. Mai nazarin da bai lura ba sai ya yanke hukunci cewa mawaƙan da suna da gaggawa da siririyar murya, alhali na'ura ce ta yi musu ƙazafi. Wannan kuskure ya fi muni a waƙoƙin Ko-Ko masu jero kalmomi da sauri, domin a nan ƙarin gudu kaɗan ya isa ya haɗiye gaɓoɓin kalma.

Hanyar gyara ita ce a koma ga rubutaccen kiɗan Sullivan, a ga mazaunin da ya ajiye waƙar, sannan a daidaita juyawar faifai har amon ya faɗa wurin. Sai dai a nan ma akwai gargada. Amon da ake kira A, wanda makaɗa ke saita kayansu da shi, bai tsaya wuri guda ba. Faransa ta tsayar da shi a kaɗawa 435 cikin daƙiƙa a 1859. A Ingila kuwa, zamanin da aka tsara *The Mikado*, manyan ƙungiyoyin kiɗa na amfani da kimanin 452, sai a 1896 aka fara saukowa zuwa 439. Adadin 440 da aka saba da shi an amince da shi ne a wani taro a Landan a 1939. Tsakanin 452 da 439 akwai kusan rabin rabin taki, wanda ya isa ya karkatar da lissafin gudu da kashi 3 cikin ɗari. Bugu da ƙari, mawaƙi kan sauke waƙa ko ya ɗaga ta don ta dace da muryarsa. Saboda haka rubutaccen kiɗa shi kaɗai bai wadatar ba, dole a haɗa da kunnen da ya san muryar mawaƙin a wasu faya-fayensa.

Daga nan sai batun haɗa fuskokin faifai. Fuska ɗaya ta faifai mai faɗin inci 12 ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu da 'yan kai, amma waƙar rufe kashi na farko na *The Mikado* ta haura minti goma, tana kuma sauya mazauni da gudu sau da dama yayin da Katisha ke ja-in-ja da 'yan amshi. Tilas aka yayyanka ta. Idan aka zo mayar da ita ɗaya, amon ƙarshen wannan fuska dole ya yi jituwa da na farkon mai bi mata. In ba haka ba, mai sauraro zai ji kamar mawaƙa sun yi tuntuɓe, ko kuma ya ɗauka Sullivan ne ya sauya mazauni a inda bai sauya ba. Faya-fayen 1917 sun fi wahala ta wannan fuska, domin ta ƙaho aka ɗauke su, kuma ƙahon ba ya kama amo masu kauri sosai, alhali su ne ginshiƙin da kunne ke dogara da shi wajen gane jituwa.

Kwamfuta ta zo da damar sauya gudu ba tare da taɓa amo ba, akwai kuma manhajojin da kan auna waƙa su ba ta gudu ɗaya da mazauni ɗaya domin masu haɗa kiɗan rawa. Wannan awo bai dace da opareta ba, tunda waƙa guda kan ratsa mazauni da yawa. Raba gudu da amo wajen gyaran tsohon faifai kuwa ya fi zama ɓarna, saboda tare suka kauce tun farko, kuma da gyaran juyawa kaɗai suke komawa wurinsu tare.