Basira, Hazaƙa, Wayo da Tsinkaye: Hanyar Rarrabe Ma'anoninsu

Koyarwa da Hausa, wadda aka soma gwadawa a makarantar boko a Damagaram a shekarar 1973, tana bukatar littattafai masu tsayayyun kalmomi. Manufar wannan maƙala ita ce rarrabe kalmomi huɗu da suka shafi kaifin fahimta, waɗanda akan ɗauka ma'anarsu ɗaya ce: basira, hazaƙa, wayo da tsinkaye.

Asalin kalma yakan ba da haske. Basira daga Larabci take, saiwarta kuwa tana nufin gani. Watau ganin zuci ce. Hazaƙa ma ararriya ce daga Larabci, inda take nufin ƙwarewa. Tsinkaye daga aikatau tsinkaya ya fito, watau hango abu daga nesa. Haka abin yake a Faransanci da Ingilishi, waɗanda suka samo irin waɗannan kalmomi daga Latinanci: tushen perspicacité gani ne, na sagacité kuwa kaifin sansano.

Amma asali kaɗai ba ya raba gardama. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne muhallin da kalma take shiga cikin jimla. Alamar tauraro tana nuna abin da Bahaushe ba ya faɗa:

1. Ya yi mini wayo. *Ya yi mini basira.
2. Yana da kaifin basira. *Yana da kaifin wayo.
3. Yaron ya yi wayo. *Yaron ya yi tsinkaye.

Misali na 1 ya nuna wayo yana iya cutar da wani, kamar na Gizo a tatsuniya. Na 2 ya nuna basira ce ake siffantawa da kaifi. A na 3 kuwa, wayo girma ne da soma sanin duniya. Ita hazaƙa a aiki take bayyana, shi ya sa ake cewa haziƙin ɗalibi. Tsinkaye kuma ya shafi abin da bai zo ba tukuna, kamar na manomin da ya tanadi hatsi tun kaka.

Saboda haka, idan littafin yaƙi da jahilci ya kira shugaban ƙungiyar manoma mai wayo, alhali basira ake nufi, mai karatu a Hamdara zai iya ɗaukar yabon a matsayin zargi. Ya kamata masu tsara ƙamus su kawo kowace kalma da jimlar da take shiga da wadda ba ta shiga, su kuma gwada jimlolin a bakin masu harshen kafin a buga.