Me Ya Sa Mutane Suka Cika Fili Don Kallon Shaihu Umar?

A ƙarshen zangon da ya wuce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta nuna wasan Shaihu Umar. Mun fito da bencina daga aji uku, amma kafin la'asar duk sun cika, wasu iyaye a tsaye suka yi kallo. Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni, wai me mutane suke nema a labarin da ya girmi kakanninmu? Shi ya sa na je wurin malamin Hausa na yi tambaya, ga abin da na samo.

Shaihu Umar da farko littafi ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, ya shiga gasar rubutu ta 1933, aka buga shi a 1934. Shi ne wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Fim ɗin ya daɗe a ajiye ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a Berlin ta ƙasar Jamus a 2018. Ke nan ba mu kaɗai muka tuna da shi ba.

Labarin na wani yaro ne, Umar, ɗan Kagara. Aka sace shi yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu, ya yi karatu har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa kuwa ta bi sawunsa cikin hamada, ita ma aka mai da ita baiwa. Sun haɗu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Dalili na farko da ya jawo mutane shi ne, da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su karanta boko, littafin bai taɓa isa gare su ba. A dandali kuwa ido ke karatu. Har waɗanda Zabarmanci ko Fulatanci ya fi ƙarfi a bakinsu sun gane abin da ake yi. Yara kuma raƙumi ya kawo su, wato ɗalibai biyu a cikin bargo, na bayan yana ta tuntuɓe.

Amma ni a ganina babban dalilin shi ne uwar Umar. Lokacin da yarinyar da ta fito a matsayinta ta fara yawo tana tambayar ko an ga ɗanta, dariya ta tsaya cak. Na ga wata tsohuwa kusa da ni tana share ido da bakin mayafi. A nan Kende muna kusa da iyakar Benin, kuma gida nawa ne ba su da wanda ya tafi? Wani an kai shi almajiranci, wani ya bi ta Tsamiya ko Lolo ya ƙetare neman kuɗi, wani an ce yana Libiya, ƙasar da ita ma uwar Umar ta faɗa. Yanzu akwai waya, amma idan lamba ta daina shiga, uwa ba ta barci.

Tsohuwar nan ba ta san sunan marubucin ba. Da aka tashi ta riƙe hannun yarinyar ta ce, “'Yata, Allah ya yi miki albarka, yaushe za ku sake?” Shugaban ƙungiya ya ce sai zango na uku, kuma wannan karon za a aro tabarmi daga cikin gari.