Rukunin Kwatanci da Rufe Ido a Gwajin Maganin Ciwon Daji

Dir'iyya, fadar daular Saudiyya ta farko tun daga 1727, a yau ta haɗe da Riyad ta ɓangaren arewa maso yamma, kuma tafiya kaɗan ce tsakaninta da manyan cibiyoyin jinyar ciwon daji da bincike a kansa, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Sarki Sa'ud da Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da aka buɗe a 1975. A irin waɗannan asibitoci akan nemi majiyyaci ya shiga gwajin sabon magani, bayan Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya da kwamitin ɗa'a na asibitin sun amince. Sharuɗɗa biyu ne suka fi tayar wa majiyyaci da danginsa hankali a takardar amincewa: cewa mai yiwuwa ne ba shi za a ba sabon maganin ba, kuma mai yiwuwa ne shi da likitansa ba za su san abin da aka ba shi ba sai gwaji ya ƙare. Waɗannan sharuɗɗa su ne ginshiƙin binciken.

Ciwon daji ba ya tafiya iri ɗaya a jikin mutane, domin wani yakan yi shekaru da shi, wani kuma ya kwanta cikin watanni, ko da sunan cutar da matakinta ɗaya ne. Manomin da ya zuba sabon taki a shekarar da damina ta yi albarka ba zai san ko takin ne ya cika masa rumbu ko ruwan sama ba, sai idan ya bar wani ɓangare na gonar babu takin. Wannan ɓangare shi ne matsayin rukunin kwatanci, wato majiyyata masu irin cutar da ba a ba su sabon maganin ba, waɗanda da su ake auna sakamakon rukunin gwaji. Tunanin tsoho ne, don Abubakar al-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen 925, ya rubuta cewa ya cire wa wasu masu alamomin sanƙarau jini, ya bar wasu da gangan domin ya ga bambanci.

Kwatanci ba ya inganta sai rukunonin biyu sun yi daidai tun daga farko, shi ya sa ake raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a, wadda a yau kwamfuta ke yi. Idan aka bar wa likita zaɓi, ko da zuciya ɗaya yake aiki, zai karkata ga bai wa masu sauran ƙarfi sabon magani, sai ƙarfin jikinsu ya bayyana kamar nasarar maganin. Tarihin sankarar mama, wadda ita ce kan gaba a tsakanin matan Saudiyya, ya nuna tsadar wannan kuskure. A shekarun 1990, mata fiye da 30,000 a Amurka sun karɓi kimoterafi mai tsananin ƙarfi tare da dashen ɓargo, saboda rahotannin farko sun nuna suna daɗewa fiye da matan da aka yi wa jinya a baya. Abin da aka manta shi ne sai mace ta tsallake binciken zuciya da huhu da ƙoda kafin a karɓe ta, don haka zaɓaɓɓu ake kwatantawa da kowa da kowa. Da aka gabatar da sakamakon gwaje-gwaje biyar na ƙuri'a a 1999, huɗu ba su nuna ƙarin tsawon rai ba, na biyar kuwa, na Werner Bezwoda na Afirka ta Kudu, an gano a 2000 cewa an yi maguɗi a cikinsa. Kafin nan mata da yawa sun sha azabar da ba ta ƙara musu kwana ba, wasu ma jinyar ce ta yi ajalinsu.

Shiga rukunin kwatanci ba ya nufin a bar mutum babu magani. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 kuma take sabuntawa, ta shardanta a gwada sabon magani da mafi ingancin wanda aka riga aka tabbatar. Filasibo, wato ƙwaya ko allura mai kama da magani amma babu sinadarin magani a cikinta, galibi ɗora shi ake yi a kan jinyar da aka saba, ko a yi amfani da shi inda babu tabbataccen magani. Mutanen Kano sun san muhimmancin wannan sharaɗi, domin a gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi har da cewa an bai wa yaran rukunin kwatanci ƙasa da adadin maganin da aka saba, kuma ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma ya sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Rukunin kwatancin da aka rage wa magani ya cutu, kuma sakamakon da aka gina a kansa ya gurɓata.

Rufe ido shi ne ɓoye wa masu hannu a gwaji rukunin da kowane majiyyaci ya faɗa. Idan majiyyaci kaɗai aka ɓoye wa, rufi ɗaya ke nan. Idan har da likitan da ke duba shi, rufi biyu. A aikace, kwalaben sukan zo da launi ɗaya da girma ɗaya, lamba kawai ke jikinsu, fassarar lambar kuwa tana wajen wani da ba ya ganin majiyyata. Wanda ya san sabon magani yake sha yakan ji sauƙin zogi ko tashin zuciya saboda kyakkyawan zato, wanda ya san ba shi aka ba ba kuma yakan karaya ko ya janye, likita ma yana iya sassauta ma'auni bai ankara ba. Likitocin Riyad sun yi aiki da wannan tsari a gwajin cutar numfashi ta MERS da Yasin Arabi ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020: cikin majiyyata 95, kashi 28 cikin ɗari na masu shan magani suka rasu cikin kwana 90, alhali a rukunin filasibo kashi 44 ne.

A ciwon daji, rufe ido yana da iyaka. Maganin da ke zubar da gashin kai ko ya fesa ƙuraje yakan tona kansa cikin makonni, tiyata kuwa ba ta ɓoyuwa. A nan akan matsar da rufin zuwa wajen aunawa, a tura hotunan sikanin ga ƙwararru na waje da ba su san wa ya karɓi me ba, su auna ƙarin da milimita, ko kuma a dogara ga tsawon rayuwa, wanda zaton mutum ba ya tanƙwara shi. Ta haka gwajin da Bernard Fisher ya fara a 1976 a kan mata masu sankarar mama sama da 1,800 ya nuna, bayan bibiya ta shekara 20, cewa cire ƙarin kaɗai tare da gashi da haske yana ba da tsawon rai daidai da cire mama gaba ɗaya.

Rufin ba ya hana kariya, domin akwai kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluma a buɗe lokaci-lokaci, kuma yana iya ba da shawarar a dakata idan cutarwa ko fa'ida ta fito fili, kamar yadda aka buɗe gwajin maganin tamoxifen na mata fiye da 13,000 a 1998 da aka ga ya rage kamuwa da sankarar mama da kusan rabi. Idan majiyyaci ya shiga halin gaggawa, ana fasa lambarsa nan take, kuma yana da ikon janyewa ba tare da ya rasa jinyarsa ba. Saboda haka wanda aka miƙa wa takardar amincewa, a Riyad ko a Kano, yana da haƙƙin a faɗa masa da harshen da yake ji abin da rukunin kwatanci zai karɓa, da yadda za a raba mutane, da wanda zai auna sakamako. Wanda kuma aka tallata masa maganin daji da shaidar mutanen da suka warke, sai ya tambayi da su wa aka kwatanta su, da kuma labarin waɗanda suka sha ba su warke ba.