Yadda kwamfuta ke taimaka wa likitoci gano matsalar haɗiya

Haɗiyar loma ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi, amma sai tsokoki da jijiyoyi da dama sun yi aiki tare kafin abinci ya kauce wa hanyar iska ya bi tasa. Idan tsarin ya samu tangarɗa, ruwa ko abinci kan zarce huhu ya haddasa ciwon huhu mai kisa, wani lokaci ba tare da majiyyaci ya yi ko tari ba.

Shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, na cikin manyan musabbabai. A Kano, inda masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suke, akwai kuma haɗarin sinadarai irin su soda mai ƙuna da ake amfani da ita wajen yin sabulu da rini. Idan aka kai ta gida cikin gorar ruwa, yaro na iya kurɓa, ta ƙone masa hanyar abinci har ta tsuke.

Domin gano inda matsalar take, akan ba majiyyaci abinci ko ruwa da aka gauraya da sinadarin bariyom, sannan na'urar hoton ƙashi ta ɗauki bidiyon haɗiyar, hoto kusan 30 a kowace daƙiƙa. Ƙwararre zai bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya auna da ma'auni mai mataki 8 da Rosenbek da abokan aikinsa suka wallafa a 1996. Aikin na cin lokaci, kuma ƙwararru biyu kan saɓa a kan bidiyo guda.

A nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Masu bincike a Amurka da Koriya ta Kudu sun horar da manhajoji da bidiyoyin da likitoci suka riga suka tantance, har suka koyi bin sawun lomar, da auna motsin ɗan ƙashin da ke ƙarƙashin haɓa, da nuna lokacin da abu ya faɗa hanyar iska.

Amfanin hakan a fili yake ga cibiyoyi masu cunkoso kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai manhaja na buƙatar na'urar ɗaukar hoto da tsayayyiyar wutar lantarki, kuma hukunci na ƙarshe na likita ne. Duk wanda ke yawan shaƙewa yayin cin abinci, ko muryarsa ke sauyawa bayan shan ruwa, ya kamata ya hanzarta zuwa asibiti.