Haidirolik Ko Lantarki: Wanne Ya Dace Da Taraktar Zoza?

Duk wanda ya ga tarakta tana haro a gonakin Zoza, cikin ƙaramar hukumar Rogo, ya san haidirolik, wato bututun ƙarfen da ke ɗaga garma ya sauke. Famfo ne ke tunkuɗa mai cikinsa da matsin da kan kai wajen ma'aunin bar 180, shi ya sa yake ɗaga garmar da ƙarti biyar ba za su motsa ba. Yanzu a Turai da Amurka an fara cire shi a wasu injuna ana sa sandar turi ta lantarki: ɗan inji mai jan wuta daga batir mai bolt 12, yana juya dogon noti, sandar ta fito ko ta koma. A ganina wannan sauyi yana da gurbi a karkararmu, amma gurbin ba bayan tarakta ba ne.

Masu sha'awar lantarki suna da hujja. Haidirolik yana yoyo, tiyo kan fashe ana tsaka da aiki, ga gurɓataccen mai da ke cinye famfo. Sai dai a duba yadda kowanne yake lalacewa. In bututun Massey Ferguson ya fara zubar da mai, makanike a Rogo ko Ƙaraye zai kwance shi a gindin bishiya, ya sa sabon sil da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, kafin la'asar an koma gona. Sandar lantarki kuwa in ta ƙone, galibi sai a sake ta ɗungurungum, kuma da dala ake shigo da ita. Yawancinsu ma an ƙera su ne su yi aikin minti biyu su huta kusan goma sha takwas. Ina mai huɗar haya a watan Yuni zai samu wannan hutun? Balle in garma ta daki kututture: mai yana da bawul ɗin da zai saki matsin, noti kuwa sai ya lanƙwashe.

Inda sandar lantarki take da rana shi ne ƙaramin aikin da ke son daidaito, kamar buɗe bakin injin zuba taki ko saita injin shuka. Da tsadar buhun taki a yau, abin da zai hana ɓarnar ko da mudu goma a kadada ya biya kuɗinsa, musamman ga masu noman rani a bakin madatsar Challawa.

Saboda haka ƙungiyoyin manoma da hukumar aikin gona ta KNARDA su gwada ta a kan injin taki tukuna, su koya wa makanikai gyaranta, ɗaga garma kuma a bar wa haidirolik.